Sunan da Malam Iliyasu Ya Ƙi Faɗa

Ranar Laraba da hantsi Basiru ya faɗo gidan ko sallama babu, fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa a bushe ƙayau. Duk wanda ya san noman rani ya san ba lafiya ba idan mutum ya dawo da busasshiyar ƙafa ranar da layin ruwa yake kansa.

"Ina take? Ina 'yar bokon?"

Safara'u, autar gidan, tana zaune a tsakar gida tana tsince afafata a faranti, shinkafar nan tsakuwa-tsakuwa da a da kifi ake zuba wa, wadda a shekarar ta zama abincin mutane. Ta ɗaga kai.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiyar uban wa? Tun asuba nake tsaye a bakin famfo. An karanta suna tun daga sama har ƙasa, an karanta na Uwaisu, an karanta na Tasi'u, ƙannena da na goya, ni babu nawa! Muntaka sakatare ya ce injinki bai san ni ba. Shekara arba'in da ɗaya ina garin nan, yau inji ne zai ce bai san ni ba?"

"Ba zai yiwu ba. Ai ka yi rajista."

"To tashi ki je ki gaya wa tumatirina ba zai yiwu ba. Yana cikin fure, rabonsa da ruwa tun Juma'a!"

Ya wurgar da fartanyar ta daki turmi, kaji suka watse, ya fice.

To bari in koma da ku baya kaɗan, don wannan rigima ba daga sama ta faɗo ba. A shekarun nan da fetur ya gagari talaka, injinan ban-ruwa na Unguwar Malamai duk sun koma kwanciya a zaure, gizo-gizo na saƙa a kansu. Sai wasu masu taimako daga birni suka kafa wa ƙungiyar manoman garin famfo mai aiki da hasken rana a bakin rafin da ke gangarowa daga Watari. Famfo ɗaya tal, manoma ɗari uku da 'yan kai. Dole aka yi layi. Shekarar farko a takarda aka rubuta, kuma wallahi abin da aka gani ba kyan faɗa: mutanen da aka binne tun kafin a kafa famfon suna da layi, ruwansu yana gangarawa gonakin manya, rayayyu suna tsaye suna kallo.

A lokacin ne Safara'u ta dawo gida. Ta yi karatun kwamfuta a Kano, ta ɗan taɓa aiki, kamfanin ya rufe, ta tattaro kwamfutarta mai tsagaggen gilashi ta dawo ɗakin Inna. Ita ce ta tsaya a gaban kwamiti, da bakin nan nata da ba ya shiru, ta ce za ta rubuta musu manhajar da za ta riƙa fitar da layi, ba mai saka hannu. Ita ce kuma ta dage aka kafa doka: ba a ƙara suna sai mai gida ya faɗe shi da bakinsa. Ku riƙe wannan, don da shi aka ɗaure ta.

Yaren kwamfutar da take rubuta manhajar da shi, Rust, ba ya wasa da ƙwaƙwalwar inji. Duk abin da aka ajiye a ciki sai yana da mai riƙe da shi, kuma da zarar mai riƙon ƙarshe ya saki, inji ya share abin nan take, ba shawara. Amfanin haka shi ne ba abin da zai maƙale a ciki bayan ya gama amfani. Amma akwai tarko. Idan uba ya riƙe ɗa da ƙarfi, ɗa ma ya riƙe uba da ƙarfi, ba wanda zai taɓa sakin wani, ko an cire su daga jeri suna nan a ciki suna cinye wuri kamar matattun nan na takarda. Don haka masu sana'ar suke raba riƙon biyu: ɗaya mai ƙarfi, ɗaya sako-sako wanda nuni ne kawai, ba ya hana a share mutum.

Safara'u ta duba yadda garinsu yake, ta ga ai abin a fili yake. Ƙungiya ta riƙe masu gida. Kowane mai gida ya riƙe waɗanda ya yanka wa gayauna, wato 'yar gonar kansu, a cikin gandunsa. Mai gayauna kuwa ya nuna ubansa kawai. Aka yi rajista kwana biyu. Ranar Asabar masu gayauna suka zo kowa ya faɗi sunansa da gandun da yake ciki. Ranar Litinin dattawa suka zo kowa ya lissafa na ƙarƙashinsa. Muntaka sakataren ƙungiya ne ya zauna da su, don dattawan sun ce ba za su zauna yarinya tana yi musu tambaya ba. Ta gwada manhajar sau ba adadi da gidajen ƙarya da ta ƙirƙira, ko sau ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba.

Yanzu ga shi ta yi tuntuɓe da yayanta.

Ta ajiye farantin, ta buɗe kwamfuta a inuwar rumbu. A rajistar Asabar ga Basiru nan ɓaro-ɓaro, da gandun mahaifinsu Malam Iliyasu a gefensa. A layin da inji ya fitar kuwa babu shi. Ta jera biyun ta bi su ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga a kan madannai. Ba shi kaɗai ba ne. Mutum ashirin da bakwai sun ɓace.

Kafin azahar labari ya gama gari, kuma kun san yadda labari yake ƙara ƙiba a hanya. Aka ce ta sayar da gurabe. Aka ce mutanen birni ne suka ba ta waya sabuwa. Hure matar Badaru, wanda shi ma sunansa ya ɓace, ta shigo har tsakar gida da goyo a bayanta ta tsaya a kanta.

"Ke dai Allah ya isa tsakaninmu da ke. Garin kwaki muke jiƙawa sau ɗaya a rana, albasar nan muke jira. Da kika tashi cin amanar taki ba ki ga gidan Alhazai ba sai namu?"

Safara'u ta miƙe.

"Ni na ci amana? Yayana ma babu sunansa!"

"Oho miki! Ke kika san abin da ya yi miki."

Kai, ranar ta ji kamar ta ɗaga kwamfutar ta maka da ƙasa. Ta sake bin sunayen ashirin da bakwai. Ba unguwa ɗaya ba ne, ba amfanin gona ɗaya ba, ba harafi ɗaya ba. Akwai mai fegi babba, akwai mai ƙarami. Ta duba rubutunta layi-layi, ba kuskure ko ɗaya. Wannan ne ma ya fi ƙona mata rai: injin yana yin daidai abin da ta ce ya yi.

Da la'asar Inna Sauda ta gama kwashe ɗan abin da aka dafa, ta rufe kwano ɗaya da faifai, ta miƙo mata ba tare da ta dube ta ba.

"Ungo, kai wa wancan. Tun safe bai sa komai a cikinsa ba."

Safara'u ta karɓi kwanon, ta yi taku biyu, sai ta tsaya cak.

Wancan. Tun da ta buɗe ido a duniya ba ta taɓa jin Inna ko Baba sun ambaci sunan Basiru ba. Ɗan fari ne. Sai dai a ce wancan, ko yayanku, ko a nuna da haɓa. Ta dire kwanon a kan turmi ta koma da gudu. Badaru, ɗan fari. Maryam ta gidan Liman, 'yar fari. Ta bi su har ƙasa tana ƙirgawa da yatsa, dukansu ashirin da bakwai 'ya'yan fari ne, kuma daga gidajen da har yanzu ake riƙe da alkunya. Kowannensu ya nuna ubansa ranar Asabar, amma ba uban da ya faɗi sunansa ranar Litinin. Ba mai riƙe da su, sai inji ya share su kamar yadda aka koya masa.

Ta zari mayafi ta nufi shagon Muntaka.

"Da Baba ya zo ranar Litinin, me ya ce maka?"

Muntaka ya sosa ƙeya. "Ya ce Uwaisu, ya ce Tasi'u. Sai ya ce, da wancan."

"Kai kuma sai ka rubuta me?"

"Ban rubuta komai ba. Na ce ai ya riga ya shiga tun Asabar. Haba Safara'u, so kike in dubi tsabar idon Malam in ce ya faɗi sunan ɗansa na fari? Ni ma a gabansa na yi karatu."

Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ta fasa. Wa za ta zaga? Ita da aka haifa a gidan, ta sha nonon matar da ke cewa wancan, ita ce ta zauna ta ƙirƙiro ubannin ƙarya marasa kunyar komai ta yi gwaji da su.

Gyaran ba zai ɗauke ta minti goma ba. Da wannan ta je wurin Alhaji Nababa, shugaban ƙungiya, yana zaune a kan dardumarsa a ƙofar gida yana jan carbi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Ikon Allah. To amma 'yar nan, ba ke ce kika kawo dokar ba? Ba a ƙara suna sai mai gida ya faɗa da bakinsa. Mun sa hannu, mun aika birni. In na bari kika ƙara yau, gobe kowa ya kawo nasa."

"Alhaji, mutanen nan suna da rai, kowa ya san su. Shukarsu za ta mutu."

"Ai ba a hana su ba. Ranar Asabar kwamiti zai zauna a gindin darbejiya. Kowane uba ya zo ya faɗi sunan ɗansa a gaban jama'a, sai a rubuta."

Ya faɗi haka fuskarsa ko gezau. Munafukin Allah! Ya san sarai ba dattijon da zai yi. Ya kuma san awannin ruwan mutum ashirin da bakwai ba sama za su tashi ba, rabawa za a yi, kuma gonarsa ce ta fi kowacce kusa da bakin famfo. Safara'u ta tashi ba ta yi masa sallama ba.

Washegari da safe ta bi ta gonar Basiru. Ƙasar kwamin da tumatirin yake ciki ta tsattsage, ganyen ya naɗe, furen rawaya ya fara zuba. Shi da matarsa Maijidda suna ɗebo ruwa da jarka daga rafi, tafiyar da ta fi ƙarfin ƙafa, suna ɗiga wa gindi-gindi. 'Ya'ya bakwai ke gare su, kuma hatsin damina ya ƙare tun watan jiya. Bai ko kalle ta ba.

Ta wuce kai tsaye zauren Baba. Malam Iliyasu ya sallami ɗalibansa, yana zaune a kan buzu yana feƙe alƙalami. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, laifina ne, na yarda. Amma yanzu ba abin da zai gyara sai bakinka. Kalma ɗaya ce. Ka je ranar Asabar ka faɗi sunan Yaya."

Wuƙar ta tsaya a hannunsa. "Ke, kina cikin hankalinki?"

"Ina ciki, Baba."

"Ubana bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Ban taɓa jin ya rage ni da komai ba."

"Shi ba a ce za a hana ka ruwa ba! Baba, kai ka koya mana ba aya ba ce, ba hadisi ba ne. Jikokinka bakwai za su kwana da yunwa saboda kunya? Wace irin kunya ce wannan da sai ta ci mutum?"

Ba ta san muryarta ta kai waje ba sai da ta ji an fizgo mayafinta ta baya. Basiru ne, jarka a ɗaya hannun, idanunsa jajur.

"Fita! Ke har kin isa ki ɗaga wa Malam murya? Kin share ni a injinki bai ishe ki ba, sai kin tsayar da shi a gaban su Nababa ana yi masa dariya? Wallahi gara gonar ta ƙone ƙurmus."

"Ta ƙone, ku ci me?"

"Ba ruwanki!"

Ta dube shi, ta dubi uban, ta ga kamar an tsaga kara. Haushi ya turnuƙe ta har ta rasa wanda ta fi jin haushi a cikinsu. Tana juyawa za ta fita sai Malam ya yi magana, a hankali, idonsa a kan alƙalamin.

"Dakata. Kin ce a cikin abin nan naki uba ne ke riƙe da ɗa."

"E, Baba."

"To ni wa ke riƙe da ni?"

"Ƙungiya. Mai gida shi yake faɗin sunansa da kansa."

Ya ce, "To," ya ci gaba da fiƙa.

Ranar Asabar gindin darbejiya ya cika. Dattawa a kan tabarmi a gaba, 'ya'yan farin a tsaye can baya kamar baƙi, mata a bayan danga. Safara'u tana gefen Muntaka da kwamfuta a cinya. Alhaji Nababa ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce duk uban da ke da sunan da zai ƙara, bisimilla.

Ba uban da ya tashi. Wani tsoho ya yi tari, wani ya shiga gyaran hula. Mahaifin Badaru ya buɗe baki, sai ya sunkuyar da kai. Daga bayan danga aka ji Hure ta fashe da kuka. Alhaji Nababa ya dubi agogonsa.

"To, tunda babu..."

"Akwai."

Malam Iliyasu ne ya dafa sandarsa ya miƙe. Safara'u ta ɗago kai. Can baya Basiru ya rufe fuska da hannu.

"Ni ba suna na zo ƙarawa ba, cirewa na zo yi. Shekara talatin da takwas ina riƙe da gandun gidanmu, tun rasuwar mahaifina. Ku shaida, daga yau na sauka. Na miƙa wa wancan." Ya nuna da haɓa, bai waiwaya ba. "Shi ne mai gida. Dokarku ta ce mai gida shi ke faɗin sunansa. Sai ya matso ya faɗa."

Wuri ya ɗauki salati. A garin nan ba a karɓar gandu daga hannun mai rai. Mutum yana sauka, shi ke nan, ba shi ke cewa a shuka ko a girbe ba, ba shi ke buɗe rumbu ba, sai abin da aka ɗebo aka ba shi. Alhaji Nababa ya fara cewa ai wannan sai an duba, Liman ya katse shi ya ce ba abin dubawa, mutum ya ba da abinsa a gaban shaidu.

Aka turo Basiru gaba. Da ƙyar ya faɗi sunansa. Muntaka ya ce ya lissafa na ƙarƙashinsa.

"Uwaisu. Tasi'u." Hawaye suka fara bin gemunsa. "Da Malam."

Safara'u ta sa hannu a kan madannai cike da takaici. Ta san dole ta bi a hankali, don in ta saki Baba daga sama kafin wani ya riƙe shi, inji zai share shi har da duk wanda ke hannunsa. Ta fara ɗora Basiru a sama. Ta mayar da Uwaisu hannunsa, ta mayar da Tasi'u. Sannan ta sa ya riƙe Malam Iliyasu. Sai da ta duba sau biyu, sannan ta danna ta cire ubanta daga jerin masu gida da yatsanta.

Dattawa shida suka bi sahunsa a ranar. Sauran ba su iya ba, ba sunan ba saukar, kuma ba zan ɓoye muku ba, albasar Badaru ta ƙone. Sai bayan mako uku kwamiti ya yarda ta sake ginin manhajar yadda ƙungiya za ta riƙe kowa da kanta, uba da ɗa su riƙa nuna juna kawai. A lokacin wanda zai rasa ya riga ya rasa, kuma har yau Hure ba ta amsa gaisuwarta.

Ranar Lahadi da hantsi aka buɗe wa Basiru ruwa. Safara'u ta tsaya a kan kunyar gonar tana kallo yana shiga tsagar ƙasa yana ƙara, kwami bayan kwami. Kusan rabin furen ya riga ya zube. Ta dawo gida ƙafarta duk taɓo, ta tarar da Baba a zaure, ya ciro makullin rumbu daga aljihu ya ajiye a kan buzu, yana jiran mai shi. Ta so ta wuce ba ta ce komai ba, don har yanzu ranta a ɓace yake. Ya dubi ƙafafunta.

"An ba wancan ruwan?"

"An ba shi, Baba."